Takardar Jikin Gorar Ruwa

An fasa zuwan iyayen Gola neman auren Auta, saura kwana biyar ranar da aka sa. Mahaifinta ne ya aika da saƙon ranar Litinin da safe, bai kuma faɗi dalili ba. Babu ma buƙatar ya faɗa. Kafin azahar babu shagon aski ko tashar mota a birnin da ba a san dalilin ba. Wata takarda ce mai layi biyar, ba ta kai tafin hannu ba, wadda aka manne da salatif a jikin gorar ruwa.

Yashi ne ya kewaye birnin ta kowace kusurwa. Ciyawar da ake shayarwa kullum da tankar ruwa guda ɗaya ce, ta babban filin wasa, kuma ƙungiyoyi biyu ne suke rabon ta da rabon zukatan mutane: Jajaye da Farare. Mahaifin Auta ya shekara goma sha tara yana horar da Jajaye. Kowa Koci yake kiran sa, har matarsa. Ɗansa na fari shi ne kyaftin, mai lamba goma. Gola kuwa shi ke tsaron ragar Farare.

Wata goma sha huɗu Auta ta yi kafin mahaifinta ya yarda ya ji sunan Gola a gidansa ba tare da ya tashi daga wurin ba. Yayanta bai taɓa yarda ba. Ya sha faɗa a gaban kowa, yana dariya, cewa gara ya rasa kofi da ya haɗa zuri'a da Farare.

Ranar Asabar da ta gabata, da yamma, ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin birni. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka ƙara lokaci, ba a sake ci ba. Aka tafi fenareti. Kafin kowane bugu, Gola yakan je gindin raga ya ɗauki gorarsa, ya dube ta, ya ajiye. Ko sau ɗaya bai sha ba. Ya ture uku cikin biyar. Biyun da suka shiga ma, ɓangaren da ƙwallon ta bi nan ya faɗi. Na ƙarshen da ya ture na Kyaftin ne.

Farare suka ɗauki kofi da ci uku da biyu.

* * *

Ranar Lahadi da la'asar Mai Hoto ya zo gidan da babban ambulan a hammata. Shi ne mai ɗaukar hoton Jajaye, ɗan aminin Koci ne, kuma a gidan ya zauna shekara huɗu yana ƙarami bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sau biyu ya nemi Auta, sau biyu ta ce masa a matsayin yaya take ɗaukar sa. Bai yi fushi ba. Bai kuma daina zuwa ba.

Auta tana goge rigar aikinta aka ce Baba na kira. Ta tarar da su uku a falo. Fanka tana juyawa. Mahaifiyarta, wadda ta yi ritaya daga koyarwa kuma ake kira Malama, tana tsaye a bakin ƙofa.

"Zauna," in ji Koci. "Ɗauki hoton nan ki karanta mini. Kin san idona."

Ta sani. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai da tabarau. Tun daga lokacin ita ce hannunsa. Duk yamma bayan atisaye yakan zauna ya faɗa, ita kuma ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango: wa ya yi gudu, wa ya yi lalaci, wa zai buga fenareti, ta wane ɓangare zai buga. Littafin a durowarta yake kwana.

Hoton an faɗaɗa shi har ya yi ɗan hazo. Gora ce a hannu mai safa. Ana ganin layi huɗu sarai. Na biyar babban yatsan safar ya rufe shi.

"Bakwai, hagu," ta karanta. "Huɗu, dama, ƙasa. Sha ɗaya, tsakiya. Takwas, hagu." Muryarta ta sauka a layi na uku.

"Haka yake a littafinmu?"

"Haka yake, Baba."

"Rubutun wa ya yi miki kama?"

Ta sake duba. Bakwai ɗin an gitta masa ɗan layi a tsakiya. Wutsiyar haruffan tana lanƙwasowa baya kamar ƙugiya. Ta ajiye hoton a hankali.

"Ya yi kama da nawa. Amma ban rubuta ba."

Kyaftin ya buga cinya. "To aljani ne ya rubuta! Baba, me kake jira? Ni aka yi wa ihu jiya. Ni yara suka bi har bakin gida suna cewa surukina ya kama ni."

"Ba da kai nake ba."

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Auta. "Ni zan sayar da Baba?"

"Ke kika faɗi sayarwa, ni ban ce ba. Wataƙila kyauta kika bayar."

Mai Hoto ya gyara zama. Muryarsa a kwance take kullum. "Baba, wallahi na kwana ban yi barci ba kafin in kawo. Na ce ko in ƙona shi. Sai na ga idan na ɓoye, na ci amanar gidan da ya raine ni."

Auta ta juyo ta dube shi sosai. "Kowa yana ɗaukar hoton kofi, kai kana ɗaukar hoton gora. Me ya kai kyamararka can?"

"Aikina ke nan, ƙanwata. Ido."

"Kuma kafin ka kawo wa Baba, mutum nawa suka gani?"

Ya dubi Koci.

Koci ya cire tabarau ya murza ido. "Layi na biyar nake so. Me aka rubuta wa lamba goma?"

"Ba ya fitowa, Baba," in ji Mai Hoto. "Na gwada duk yadda zan yi."

"To ku tashi ku ba ni wuri." Sai da Auta ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Kawo mini littafin. Daga yau a ɗakina zai kwana."

Wannan ne ya sa ta kuka, ba maganar yayanta ba.

* * *

Kantin maganin da Auta take aiki yana kan titin da ya miƙe zuwa filin wasa. A nan suka fara haɗuwa, ranar da Gola ya shigo neman bandeji da yatsu biyu a kumbure, ta ce masa mai irin wannan hannun asibiti ya kamata ya je, ya ce idan ya je asibiti wa zai yi masa faɗa haka.

Ranar Talata da tsakar rana ya shigo. Ya zaɓi lokacin da rana take korar kowa daga titi. Mai kantin ya dube shi, ya dubi Auta, ya ce bari ya je ya duba kayan da ke sito.

"Sau goma sha bakwai na kira ki," in ji Gola.

"Na gani."

"Kawuna ya ce an ce kada su zo. Auta, na san kin shiga uku saboda ni. Ki bar ni in je in durƙusa wa Baba, in ce laifina ne, ni na matsa miki."

Ta ajiye kwalin da take jerawa. "Ka matsa mini in yi me?"

Ya rage murya. "Takardar."

"Wace takarda?"

"Haba Auta. Mu biyu ne a nan."

Ta dafa kanta da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon sa, kamar mai karanta takardar likitan da ba ta gane rubutunsa ba.

"Faɗa mini yadda ta zo hannunka. Kada ka tsallake komai."

Ya faɗa. Saura awa ɗaya a fara wasa, ya dawo daga ɗumama jiki, ya tarar da farin ambulan cikin safarsa ta dama, a kan benci, a ɗakin canza kaya. Babu suna. Ya buɗe, ya ga rubutun. Ya san shi, domin yana da wasiƙunta tara a akwati.

"Wa ya shiga ɗakin?"

"Wa bai shiga ba? Ranar wasan ƙarshe ce. Jami'ai, 'yan jarida, masu hoto. Har kyaftin-kyaftin biyu an kawo su nan bakin ƙofa sa hannu a takardar alƙali."

"Sai ka ce Auta ce."

"Rubutunki ne!"

"Ba ni ba ce."

Ta ga lokacin da maganar ta shige shi, domin kafaɗunsa sun sauka.

"Wallahi?"

"Ka ga, kai ma sai na rantse maka." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Tun Lahadi nake cewa a raina, ko duk duniya ta zarge ni, akwai mutum ɗaya da ya san ba zan yi ba. Ashe kai ka riga kowa yarda. Tun ranar Asabar ka yarda."

"Ban ɗauke shi a matsayin laifi ba. Na ɗauka so ne."

"So? Mutumin da ba ya gani sosai, ya miƙa mini littafinsa saboda ni ce bai taɓa shakka ba. Ka ɗauka zan zauna gabansa in rubuta, in tashi in kwafa maka? Kuma ka ji daɗi? Irin matar da kake so ka aura ke nan?"

"Auta, ki saurare ni."

"A'a, kai ka amsa mini. Da ka ga takardar, me ka yi?"

Ya kalli hannuwansa. "Na tsaya na kusan minti biyar. Na ce in yaga. Sai na ji ihun mutane a waje. Shekara shida nake tsaron ragar nan ban taɓa taɓa kofi ba. Na nemi salatif."

"Ka nemi salatif," ta maimaita. "To madalla da ba ka yi mini ƙarya ba. Wannan kaɗai ka rage."

"Me zan yi? Faɗa mini ko mene ne. In mayar da lambar yabon? In fita rediyo?"

"Gorar tana ina?"

"Tana jakata. Ban taɓa ta ba."

"Baba layi na biyar yake tambaya. Ban san dalili ba, amma sau uku ya tambaya. Ka kawo masa da hannunka gobe bayan la'asar."

"Yayanki zai kashe ni."

"Ka saba tsayawa a gabansa," in ji ta. Ta ɗauki kwalin ta ci gaba da jerawa. Da ya kai ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yatsanka na hagu ya sake kumbura. Ka sa masa ƙanƙara."

* * *

Ya zo ranar Laraba, ƙarfe biyar saura kwata, da doguwar riga fara da jakar leda a hannu. Maƙwabta uku sun fito bakin ƙofofinsu, kowanne da abin da yake gyarawa.

Kyaftin ne ya buɗe. Ya tsaya ya cika ƙofar.

"Ka zo karɓar wani kofin ne?"

"Wurin Baba na zo."

"Baban wa?"

"Bar shi ya shigo," in ji Koci daga ciki.

Gola ya cire takalmi ya durƙusa nesa da kujera. Mai Hoto yana nan, an aika masa tun safe. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifiyarta.

"Baba, na zo da abin da aka ce kana nema. Kuma na zo in faɗi laifina da bakina. Na sami takarda, na san ba halal ɗina ba ce, na yi amfani da ita."

"Wa ya ba ka?"

"A cikin safata na same ta. Ban ga wanda ya sa ba."

Kyaftin ya yi tsaki. "Ji wani zance. Safa ta haihu."

Koci ya miƙa hannu, aka sa masa gorar. Ta roba ce, shuɗiya, duk ta kwarzane. Ya shafa takardar da yatsa, ya kai ta kusa da ido, ya nisantar. Sai ya miƙa wa matarsa.

"Malama, ke za ki karanta. Layi na biyar kawai. Amma dakata. Auta, ga littafin can kan tebur. Buɗe ranar Alhamis. Me na ce ki rubuta wa lamba goma?"

Auta ta buɗe. Ba ta buƙaci ta nema ba. "Goma, hagu, ƙasa."

"Da bakina na faɗa?"

"Da bakinka, Baba. Har ka maimaita."

"Malama."

Malama ta ɗaga gorar wajen hasken taga. "Goma, dama, sama."

Koci ya jingina da kujera ya lumshe ido, ya saki numfashin da kamar tun Lahadi yake riƙe da shi.

"Kai," ya ce da ɗansa, "ina ka buga?"

"Dama, sama."

"Wa ya ce ka buga can?"

"Kai ka ce, Baba."

"Yaushe?"

"Ranar Juma'a, bayan atisaye. Da kowa ya watse."

Auta ta dubi littafin, ta dubi mahaifinta. "Ban gane ba. Na ɗauka Yaya ne ya sauya shawara a gaban ƙwallo."

"Bai sauya ba." Koci bai buɗe ido ba. "Abin da na ce ki rubuta ranar Alhamis ƙarya ne. Da gangan na yi. Sauran huɗun duk wanda yake kallon atisayenmu zai iya sani. Na goman ne na ɓoye. Na ce idan abin da ke littafin ya fita, zan ga yaron nan ya faɗi hagu, in san ta inda ya fita. Da ya faɗi dama, na ce ko sa'a ce, gola yakan yi sa'a. Shi ya sa nake neman layin. Wanda ya rubuta takardar nan ba daga littafi ya kwafa ba. Ya san abin da ke ba ki sani ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Gola a hankali.

Auta ba ta ce haka ba. Ta rufe littafin.

"Tarko ka ɗana mini, Baba?"

"Aiki ne, Auta. Wasan ƙarshe ne."

"Ranar Alhamis babu takarda, babu gora, babu hoto. Ban yi komai ba tukuna. Ina zaune nan, na kawo maka ruwa, na gyara maka matashi, kana faɗa ina rubutawa. Ashe a lokacin kana auna ni."

"An yi ta kawo mini magana."

"Wa ya kawo?"

Idon Koci mai gani ya tafi wajen ɗansa, ya wuce wajen Mai Hoto, ya dawo ƙasa.

Malama ce ta yi tambayar da ta rage. "Koci, ranar Juma'ar nan, ku nawa ne a filin?"

"Ni da shi."

"Da shi," in ji Kyaftin da sauri, ya nuna Mai Hoto. "Yana nan bayan benci yana naɗe wayoyinsa."

"Ina can nesa," in ji Mai Hoto. "Injin ban ruwa yana aiki, ko kiran suna ba a ji. Kuma ni me zan ci da faɗuwar Jajaye? Da su nake ci da sha."

"Ka san abin da za ka ci. Ga ta nan zaune."

"To kai fa? Wa ya ce gara ya rasa kofi? Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a falon nan."

Kyaftin ya miƙe tsaye. "Ni? Ni zan ba wannan ƙwallona ya ture a gaban mutum dubu ashirin?"

"Ni dai na ga an kai ka bakin ɗakin Farare sa hannu."

"Ni kuma na gan ka a ciki da kyamara!"

"Ku zauna!" Koci ya buga sandarsa a ƙasa. "A gidana kuke."

Suka zauna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Malama ba ta dubi ko ɗayansu ba. Ta sa farce tana ɓamɓare salatif ɗin daga jikin gorar, a hankali, don kada takardar ta yage. Da ta fita, ta shimfiɗa ta a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Sannan ta ninke ta biyu ta riƙe.

Koci ya juya wajen Gola. "Kai kuma. Abin da ka yi, da ɗan wasana ne ya yi, da ya bar ƙungiyata a ranar. Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Amma ka kawo gorar, alhali kana iya jefa ta a rami. Kuma ka faɗi naka kafin a tambaye ka. A ɗakin nan yau kai kaɗai ka yi haka." Ya gyara tabarau. "Ka gaya wa kawunnanka Asabar tana nan. Su zo da hantsi kafin rana ta yi zafi."

Gola ya sunkuyar da kai har ƙasa. Kyaftin ya buɗe baki, mahaifinsa ya ɗaga masa hannu.

"Ni ba a tambaye ni ba," in ji Auta.

Duk suka juyo.

"Ranar Litinin an fasa, ba a tambaye ni ba. Yau an mayar, ba a tambaye ni ba." Tana magana hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Baba, ka yafe mini, ban taɓa mayar maka da magana ba. Amma mutum biyu na fi yarda da su a duniya. Ɗaya ya zarge ni kafin a yi laifin. Ɗayan ya yarda na yi, ya manna a gora. Yanzu kun shirya tsakaninku, ni kuma sai in tashi in yi kwalliya?"

"Auta," in ji Gola, "ki hukunta ni yadda kika ga dama, amma kada ki ce a'a."

"Ban ce a'a ba. Ban ce e ba. Akwai wanda ya zauna ya rubuta takardar nan da irin hannuna don a kore ni daga zuciyar ubana. A gidan nan yake cin abinci. Gobe zai zo ɗaurin aurena ya yi mini murmushi. Ni ba zan amsa wa kowa ba sai na san fuskarsa."

Ta ajiye littafin a kan cinyar mahaifinta.

"Yau akwai atisaye," in ji Koci, muryarsa ta yi ƙasa. "Wa zai rubuta mini?"

"Ka sa wanda ka yarda da shi, Baba."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

* * *

Ranar Alhamis Koci ya sa aka kawo kujeru takwas aka jera a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Kawunnan Gola biyu sun aiko cewa suna nan tafe. Kyaftin bai je atisaye ba, ya ce cinyarsa ke ciwo. Mai Hoto ya aiko da saƙon gaisuwa, bai zo ba, karo na farko cikin shekaru. Shafin ranar a littafin mai baƙin bango ya kwana fari.

Gola ya wuce ta gaban kantin magani sau biyu. Bai shiga ba. A karo na biyu mai kantin ya fito ya miƙa masa ƙullin bandeji, ya ce an ce a ba shi, ba a haɗa da wata magana ba.

Takardar tana cikin akwatin Malama, ƙarƙashin tsofaffin takardun makaranta, makullin yana ɗaure a gefen mayafinta. Ranar Juma'a da yamma, bayan an share tsakar gida an yayyafa ruwa, Koci ya same ta tana ninke kaya.

"Malama, shekara talatin kina duba rubutun yara. Kin kalli takardar nan fiye da kowa. Kwaikwayo ne?"

"Ba kwaikwayo ba ne. Mai kwaikwayo hannunsa yakan tsaya yana tunani. Wannan a guje aka rubuta."

"To na wa ne?"

Ta ci gaba da ninkewa.

"A aji na koyar da yara sun fi dubu," in ji ta. "Amma waɗanda na riƙe wa hannu a kan teburin can, na koya musu gitta bakwai da lanƙwasa wutsiya, su uku ne. Biyu na haifa, ɗaya na raina."

"Ɗaya ta fita daga zargi."

"Ta fita."

"Cikin biyun fa? Kin sani?"

Malama ta ɗora rigar a kan sauran, ta danne da tafin hannu. Ba ta ce ta sani ba, ba ta ce ba ta sani ba.

Saura awa goma sha shida baƙi su iso. Kujeru takwas suna jere a rumfa, ƙofar Auta a rufe take, kuma mutum ɗaya tilo da za ta iya buɗe ta da kalma guda tana tsaye da makulli a gefen mayafi, tana ninke rigar da ta riga ta ninke.